Tsohuwar Sienna Ko Sabuwar Jif: Lissafin Da Dillali Ba Ya Yi Maka

Kwanakin baya wani abokin aikina ya tare ni da takardar neman bashin banki a hannu. Ya gaji, in ji shi, da tsohuwar Toyota Sienna ɗinsa ƙirar 2006. Yau giya, gobe birki, albashi na ƙarewa a garejin bakanike. Sabuwar jif yake so, fil a leda, ya huta. Na fahimci takaicinsa, amma ban yarda da lissafinsa ba.

Tsohuwar mota tana cin kuɗinka ne a gaban idonka, kana ƙirgawa kana tsaki. Sabuwa kuwa a ɓoye take ci, shi ya sa ake zaton ba ta ci.

Mu fara da mai, tunda shi ne hujjar kowa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi. Sienna mai silinda shida kan yi kimanin kilomita 8 da lita guda. Matsakaiciyar jif ta zamani irin RAV4 kan kai 12. Mutumin da ke tafiyar kilomita 15,000 a shekara zai sha lita 1,875 a ta farko, 1,250 a ta biyu. Idan lita na kan naira 1,000, rarar ita ce naira 625,000. Kuɗi ne, babu musu.

Sai dai a duba ɗaya ɓangaren. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙayyade inshorar dole ta motar gida a kan naira 15,000, cikakkiyar inshora kuwa ba za ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota ba. Mai tsohuwar mota na iya tsayawa kan ta farko. Wanda banki ya saya wa sabuwa ba shi da wannan zaɓi, domin bankin na kare dukiyarsa ne. A ce jif ɗin ta kai naira miliyan 60: inshora kaɗai miliyan 3 ke nan duk shekara, kusan ninki biyar na rarar man. Ba a ma zo kan kuɗin ruwa ba, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suka ɗora nasu a kai.

Wasu za su ce ai mota ba ta faɗuwa a Nijeriya, wanda ya saya bara ya sayar bana da riba. Ruɗi ne. Naira ce ta faɗi, daga kusan 460 a kan dala kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. A auna da dala, ko da buhun shinkafa, sai asarar ta bayyana.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya kamawa. Kayan gyaran Sienna na zube a Ƙofar Ruwa da Fanteka, kuma da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san cikinta. Tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, jif ɗin biyar. Magidancin da ke zuwa ƙauye da iyali ranar Sallah ya san bambancin.

Ba na wanke tsohuwar mota. Babban tsadarta ba a aljihu take ba: ta mutu maka da almuru a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ga mata da yara a ciki. Wannan haɗarin gaskiya ne, kuma galibi mu ke jawo shi da sayen tsofaffin tayoyi da ɗage gyaran birki zuwa ƙarshen wata. Abin da na ce wa abokina shi ne ya riƙa ware ko da rubu'in abin da zai biya banki duk wata, ya kashe shi kan taya, birki, lagireto da juyen mai a kan lokaci, kafin mota ta nema. Takardar bankin dai tana cikin durowarsa, bai sa hannu ba tukuna.