Suyar Gahawa a Gida: Wadda Ta Iya Suyar Gyaɗa Ta Iya Wannan

'Yan'uwa manoma, mu mutanen Sule Tankarkar da Gumel a teburin mai shayi muka san kofi, watau garin Nescafé. Kaɗan daga cikinmu ne suka taɓa ganin ƙwayar da ake yin sa da ita, wadda ake kira gahawa. Ɗanyarta kore-kore ce, ba ta da ƙanshin kirki. Wuta ce take fito da ƙanshin.

Itacen gahawa ba ya yi a rairayin ƙasarmu. Irin da ake kira Arabika yana son tudu mai sanyi da ruwan sama mai yawa, kamar tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya take da reshe a Kusuku. Saboda haka kada ƙungiya ta ɓata kuɗinta wajen dasa shi a nan. Amma ɗanyar ƙwaya takan yi shekara a buhu ba ta lalace ba, muddin ɗakin a bushe yake. Ashe ke nan ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta aika a sayo, a raba wa kowane gida.

Ga yadda ake suyar. A ɗora kasko a kan garwashi, ban da harshen wuta. Ba a sa mai, ba a kuwa sa yashi kamar na gyaɗa. A zuba cikin gwangwanin madara 2 kawai, a yi ta juyawa ba tsayawa. Ƙwayar za ta yi rawaya, sa'an nan ta yi ƙasa-ƙasa, ɓawonta yana tashi. Wajen minti 10 za a ji tana fashewa kamar gugguru. Minti 2 bayan haka sai a sauke. Farkon gwajina na dakata sai da ta yi baƙi tana ƙyallin mai, na sha ɗaci kamar maɗaci.

Da an sauke a juye a faifai, a sheƙe, a yi ta fifita, domin in an bar ta a tare zafinta zai ƙarasa ƙona ta. Kilo 1 yakan koma kamar giram 850, gama ruwan jikinta ya fita. Wannan ba hasara ba ce.

A bar ta ta kwana a kwalba mai murfi. A daka ta shan yini ɗaya kaɗai, a turmin da bai taɓa daddawa ko barkono ba. Soyayyiya takan rasa ƙanshinta cikin 'yan makonni, don haka a riƙa soya ta mako ɗaya.

Gargaɗi ɗaya: a wasu wurare ana soya 'ya'yan rai-ɗore a madadin gahawa. Ɗanyunsu suna da guba ga yara da dabbobi. Ku bar su a bayan gari.