Samuwar ruwan sha a yankin Kufena

Kufena dutse ne da ke yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa, a Jihar Kaduna ta Najeriya. Yana cikin tsofaffin mazaunan ƙasar Zazzau, kuma har yanzu ana ganin ragowar ganuwa a kewayensa. Yankin yana samun ruwan sama mai yawa, amma yakan sha fama da ƙarancin ruwa da rani. Dalili shi ne ruwan yana sauka ne cikin 'yan watanni, a kan ƙasar da ba ta iya riƙe shi da yawa.

Ruwan sama

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Kusan dukkansa yana sauka ne daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma ya fi ƙarfi a watan Agusta. Iskar da ke kawo damina tana tasowa ne daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa busasshiyar iskar hunturu ce ke kaɗawa daga hamadar Sahara. Sai bazara ta biyo baya a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, rana tana ƙafar da ruwan tafkuna da ƙoramu. Damina ma ba ta zuwa daidai kowace shekara. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1980 ya shafi arewacin Najeriya baki ɗaya.

Dutse da ƙasa

Dutsen Kufena da ƙasar da ke kewaye da shi suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba shi da ƙofofin da ruwa zai shiga ya zauna. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a wurare biyu kawai: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ya zama ƙasa da tsakuwa a sama, da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa. Inda ruɓaɓɓen dutsen ya yi kauri, rijiya takan kai ƙarshen rani da ruwa. Inda dutse yake kusa da sama, takan ƙafe tun kafin bazara. Shi ya sa za a iya haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata a tarar da dutse tsura. Wannan ya bambanta da yankin Sakkwato da na tafkin Chadi, inda akwai shimfiɗar yashi mai kauri da ke ajiye ruwa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa.

A wasu wurare kuma marmara ta rufe saman ƙasa. Idan ta yi tauri takan rage shigar ruwa cikin ƙasa, sai ya gangare.

Gangara da koguna

Ruwan da ya sauka a kan dutsen Kufena ba ya tsayawa. Yana gangarowa gindin dutsen, inda ƙasa da tsakuwa suke shanye wani ɓangare, saura ya bi kwari. A nan ake samun fadama, wadda ke riƙe danshi bayan ɗaukewar ruwa, ake kuma noman rani a cikinta. Ƙoramun yankin Zariya, irin su Kubanni da Saye, suna zuba ne a kogin Galma, shi kuma ya shiga kogin Kaduna, wanda ke ƙarewa a kogin Neja. Da damina ƙananan ƙoramu suna cika su batse, da rani kuwa da yawansu sai yashi, har sai an tona kafin a ga ruwa.

Tasiri a kan mazauna

Ruwayoyin baka na Zazzau sun nuna cewa ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka bar Turunku a ƙarni na 16, aka dawo yankin Kufena. A cikin birnin Zariya mutane sun daɗe suna dogaro da rijiyoyin gida. Akwai kuma kududdufai, wato ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda ke tara ruwan damina, ko da yake ruwansu bai dace da sha ba.

Tunda ƙasa ba ta ajiye isasshen ruwa, a wannan zamani an koma ga madatsun ruwa domin tare na damina. Akwai madatsar Kubanni a Samaru, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take amfani da ita, da madatsar Galma da ke Kuzuntu a Ƙaramar Hukumar Kubau. Su ma suna da nasu matsalolin: laka da yashin da ruwa ke kwasowa daga gonaki suna cike su a hankali, zafin rana kuma yana rage abin da suka tara.