Yadda Jita Ta Karɓi Ragamar Kiɗan Jaz A Amurka

A farkon zamanin kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, makaɗin jita ɗan rakiya ne kawai. A baya yake zama yana riƙe wa masu busa kiɗa, domin komai ƙwarewarsa muryar jitarsa ba ta keta ƙarar ƙahonni da ganguna. Wutar lantarki ce ta sauya wannan al'amari. Da aka haɗa jita da na'urar ƙara sauti, sai wani saurayi mai suna Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya nuna cewa jita ma tana iya jan baki kamar kowane abin busa. Sai dai kwanansa bai yi tsawo ba, tarin fuka ya kashe shi a 1942 yana da shekara 25.

Wanda ya gaji wannan hanya shi ne Wes Montgomery, haifaffen birnin Indiyanafolis a 1923. Daga faya-fayan Christian ya koyi kiɗa, yana saurare yana kwaikwayo. Magidanci ne mai tarin 'ya'ya, saboda haka da rana aikin walda yake yi, da dare kuma ya tafi gidan rawa. Da yake cikin dare yake gwaji a gida, sai ya ajiye ɗan ɓallin robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, ya koma amfani da tsokar babban yatsansa don kada ya tashi iyali da maƙwabta. Wannan larura ita ta ba shi taushin sautin da har yau ake gane shi da shi.

A 1959 mai busa Cannonball Adderley ya ji kiɗansa, ya kai labarinsa ga kamfanin faifai na Riverside. Cikin shekarar nan Wes ya fito da ƙungiyar mutum uku: jita a gaba, ogan da ganga suna biye. Faifansa na 1960, The Incredible Jazz Guitar, shi ya baza sunansa a duniya.

To, amma yabo ba ya cika tukunya. Daga tsakiyar shekarun 1960 ya koma kaɗa waƙoƙin yayi masu farin jini, kamar a faifan A Day in the Life na 1967. Masu sharhi suka zarge shi da sayar da fasaharsa, jama'a kuwa suka yi ta saye. Kuɗin da ya daɗe yana nema sun zo, amma bai more su ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi a 1968 yana da shekara 45.

Waɗanda suka biyo baya, irin su George Benson da Pat Metheny wanda ya kafa tasa ƙungiyar a 1977, sun tarar da jita tana gaban fage, masu busa suna jiran ta ba su hanya.