Liyarin kaka: kafin ka sayar, ka san abin da ke hannunka

A Maiganga, hedikwatar sashen Mbere a jihar Adamawa ta Kamaru, gidaje da dama na Fulani da Hausawa na ajiye da tsoffin kuɗin azurfa a ƙasan adaka. Da su mata ke ado a kitso da wuya ranar biki. Yau kuwa tsadar rayuwa na fito da su kasuwa, dillalai daga Ngaundare da Garwa suna saye a ɓagas.

Wata uwa ta taɓa zuwa makarantarmu da guda uku ƙulle a bakin zane, tana son biyan kuɗin jarrabawar ɗanta. Ta ce, "Malam, duba mini, an ce shekararsu ta fi 200." Nan na ga matsalar: mai kaya bai san kayansa ba.

Wanda aka fi gani shi ne liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Fatake ne suka shigo da shi ta Sahara zuwa Borno da ƙasar Hausa, har ya iso Adamawa. Yana ɗauke da shekarar 1780, shekarar rasuwarta. Sai dai kar wannan ya ruɗe ka: an ci gaba da buga shi da wannan shekarar a Biyana, daga baya har a Rum da Landan da Paris da Bombay. Saboda haka mai 1780 zai iya zama bugun 1940.

To me ke ba shi daraja? Farko, azurfar. Liyari na gaske yana da nauyin giram 28, kuma kusan giram 23 da rabi azurfa ce zalla. Dalar Faransa mai faran 5 giram 25 ce, kashi 90 cikin 100 azurfa. Akwai kuma mak na Jamus, waɗanda suka mulki Kamaru daga 1884 zuwa 1916. Na biyu, lafiyarsa. Wanda aka huda ko aka liƙa wa zobe, masu tara tsoffin kuɗi ba su cika sonsa ba, sai a saye shi a farashin ƙarfe.

Gwajin ba wuya. A aza shi a ma'aunin maƙerin farfaru. A kara masa maganaɗisu, domin azurfa ba ta kamawa. A duba farashin azurfa na ranar a waya, a ji bakin mai saye biyu ko uku. Kuma don Allah kar a dirje shi da toka ko lemun tsami, ƙyallin nan rage masa kuɗi yake.

Uwar nan ɗaya ta sayar, kuɗin jarrabawa ya fito, biyu suka koma adaka. Abin da ya shiga wutar maƙera ba ya dawowa, kuma da shi tarihin gida ke narkewa.