Ƙaramin Huji A Akwatin Famfo Yakan Kashe Lambu

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu noman rani da yawa sun jingine injin fetur, sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. Wanda ya bi ta fadamun Haɗeja, ko wajen Kura da Kadawa, zai ga faifan sola a kafe bakin lambu. Kusa da su kuwa akwai wani akwati, na ƙarfe ko na roba, rataye a jikin dirka. A cikinsa ne na'urar da ke karɓar wuta daga faifan take, ita ke sarrafa ta, ta aika wa famfo. Manomi yakan share wa faifan ƙura kullum, amma akwatin nan ba safai akan dube shi ba, sai ran da ruwa ya ƙi zuwa.

To, akwatin kirki a rufe yake fitowa daga masana'anta. A jikinsa akan rubuta IP da lamba biyu, misali IP65. Lamba ta fari ta ƙura ce, 6 kuwa ma'anarta ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce, 5 ma'anarta yana jure feshin ruwa ta kowane gefe. Amma fa wannan alkawari yana nan ne kafin a huda shi. Tilas waya ta shiga, tilas ta fita, sai an yi huji. A nan ne ɓarna take farawa.

Sau da yawa mai haɗa wuta yakan fasa akwatin da ƙusa ko kurfi, ya zura waya, ya naɗe wurin da salatif, ya karɓi kuɗinsa. Ranar dai famfo zai yi aiki sarai. Sa'an nan hunturu ya zo da ƙurarsa, zanzaro ya shiga ya gina ɗakinsa na laka, cinnaku su tare, tsaka ta kwanta bisa na'ura don ɗumi. Bakin ƙarfen kuma yana ta cin rigar wayar duk sa'ad da iska ta kaɗa ta. Wata safiya sai ƙauri. Tumatir da ya soma fure kuwa ba ya jiran a je birni neman wata na'ura, furen zubewa yake yi.

Maganin wannan wani ɗan abu ne da masu aikin lantarki ke kira gilan, kuɗinsa bai kai komi ba in an gwada da na na'urar. Jikinsa yana ratsa hujin, a ɗaure shi da noti daga ciki, da wosha ta roba daga waje. Yana da hula mai murɗawa, in an murɗa ta sai ta matse wata robar a wuyan waya. Aiki uku ke nan: ya tare ƙura da ruwa, ya raba waya da kaifin ƙarfe, ya riƙe ta kada a fizge ta daga inda aka ɗaura.

Girma-girma ne, akwai M16, da M20, da M25, lambar ita ce faɗin jikinsa a milimita. Watau M20 hujin milimita 20 yake so, ko da ɗan ɗoriya kaɗan, kuma yawanci yana kama waya mai kaurin milimita 6 zuwa 12. Akwai kuma tsohon awo na Jamus mai alamar PG, wanda har yanzu ana samu a kasuwa. Notinsu ba ya hawa na juna. Saboda haka ya kamata mai saye ya yanki guntun wayar ya tafi da shi kanti, ɗan kasuwa kuma ya tambayi kaurin waya kafin ya miƙa kaya. Wayar famfon burtsatse wani lokaci shimfiɗaɗɗiya ce, gilan mai zagayayyen baki ba ya matse ta daidai, akwai irin nata.

Wajen hudawa, abu na farko a raba faifan sola da akwatin. Kashe maɓalli kaɗai bai isa ba, gama muddin akwai rana faifan na ba da wuta, in an jera da yawa kuwa ƙarfinta ya isa kisa. Na'urar kanta takan riƙe wuta na 'yan mintoci bayan an cire ta, sai a dakata.

A ƙarƙashin akwati ake huji. Kada a yarda a huda sama ko da mai aiki ya ce wayar ba ta kai ba, gara a ƙaro waya. A auna a bar wa noti da sifana wurin juyawa, a dasa alama, a soma da ƙaramin baki, kana a buɗa da bakin nan mai hawa-hawa kamar matakala. In da hali a fitar da na'urar tukuna, in babu a lulluɓe ta da tsumma, domin ɓarɓashin ƙarfe guda ɗaya ya isa ya ƙone ta. A goge kaifin da magagari, a shafa fenti don tsatsa.

Waya ta shiga gilan da rigarta, sai a ciki ake fere ta. Kowace waya da nata gilan, in an cusa biyu akwai kafa a tsakaninsu. A waje kuma a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a can. Hujin da aka yi bisa kuskure a toshe shi da murfinsa mai noti.

Manomi ba sai ya iya aikin lantarki ba kafin ya gane an yi masa daidai. Kafin a mayar da wuta, ya kama wayar daga waje ya ɗan ja. In ta zame, hular ba ta matsu ba, ko gilan ya yi mata yawa, sai a gyara tun mai aikin bai hau babur ba. Bayan kowace damina kuma a sake taɓa hulunan, gama rana takan busar da roba.