Dabarar Ƙaramin Tasiri wajen Ƙiyasta Amsar Daidaiton Sauyi

A ilimin lissafi, daidaiton sauyi jimla ce da ke danganta wani adadi da saurin canzawarsa, kamar yadda matsayin tauraro ke da alaƙa da gudunsa. Mafi yawan irin waɗannan jimloli ba a iya fitar da cikakkiyar amsarsu. Saboda haka masana suka samar da dabarar ƙaramin tasiri, wadda ke kusantar amsar mataki-mataki.

Ana farawa ne da wata matsala mai sauƙi, makusanciyar wadda ake son warwarewa, wadda aka riga aka san amsarta, y₀. Ƙaramin abin da ya bambanta su biyun ana wakiltarsa da harafin Girkanci ε, sannan a tsara amsar kamar haka: y = y₀ + εy₁ + ε²y₂ + … Idan ε ya kasance 0.01, to ε² zai zama 0.0001, don haka gyara biyu ko uku sukan wadatar.

A nazarin sararin samaniya dabarar ta bunƙasa. A 1687 Isaac Newton ya warware motsin jiki biyu masu jan juna, amma da na uku ya shigo sai lissafin ya cije. Da yake Rana ta fi Jufita nauyi fiye da sau 1,000, sai aka ɗauki jan da duniyoyi ke yi wa junansu a matsayin ƙaramin tasiri. Da aka lura Yuranus na kauce wa hanyar da lissafi ya zana mata, Urbain Le Verrier na Faransa ya bi dabarar ta baya, ya ƙiyasta inda wata ɓoyayyiyar duniya take. Ranar 23 ga Satumba, 1846, Johann Galle ya hango Neftun daga Balin, ƙasa da digiri ɗaya daga wurin da aka nuna masa.

Sai dai dabarar tana da iyaka. A 1859 Le Verrier ya gano irin wannan kaucewa a kewayen Makyuri, daga baya aka danganta ta da wata duniya mai suna Bulkan, wadda ba a taɓa ganowa ba. Sai a 1915 Albert Einstein ya nuna cewa gibin yana cikin ƙa'idar Newton ne kanta. Ke nan ingancin ƙiyasin ya dogara ga sharuɗɗa biyu: ƙanƙantar ε, da kuma sahihancin ƙa'idar da aka gina y₀ a kanta.