Rasha: Makomar yara ruwa biyu bayan hana Amurkawa riƙon marayu

Tun zamanin Tarayyar Sobiyat ɗalibai daga Afirka, har da Najeriya, ke zuwa Mosko karatu, musamman a Jami'ar Patrice Lumumba da aka kafa a 1960. Wasunsu sun haifi 'ya'ya da matan Rasha kafin su koma gida, kuma wasu daga cikin yaran sun ƙare a gidajen marayu.

A waɗannan gidaje, kamannin yaro kan shafi makomarsa. Iyalan Rasha masu neman ɗan riƙo sun fi son jariri mai kama da su, don haka yara ruwa biyu da 'ya'yan 'yan ci-rani daga tsakiyar Asiya sukan daɗe babu mai ɗauka. Iyalai daga ƙasashen waje sun zama mafita ga wasunsu. Amurkawa kaɗai sun karɓi yaran Rasha kimanin 60,000 bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991.

A Disamban 2012 Shugaba Vladimir Putin ya sanya hannu kan dokar Dima Yakovlev, wadda ta haramta wa Amurkawa riƙon yaran Rasha daga farkon 2013. Tun daga lokacin, makomar yaran ta fi rataya a wuyan iyalan Rasha kansu.